Fitilar mai tana ƙyaftawa idan inji ya yi zafi, kuma ƙasan motar yana ɗiga: daga ina zan fara?

Mai Tsohuwar Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gyaran mota da ke wannan zaure game da wata matsala da ta fara damuna kimanin makonni uku da suka wuce. Motata mai shan fetur ce, silinda huɗu, giyarta mai canza kanta ce, kuma ta yi tafiyar da ta haura kilomita 240,000. Idan na tayar da ita da safe, jar fitilar nan mai hoton butar mai tana mutuwa nan take kamar yadda ta saba, kuma ba na ganinta muddin ina cikin tafiya. Amma idan na yi kamar rabin sa'a a hanya, inji ya ɗauki zafi sosai, na kuma tsaya a cikin cunkoso, sai fitilar ta riƙa ƙyaftawa, tana kawowa tana ɗaukewa, da zarar na ɗan taka totur kuma sai ta ɓace. Ban ji wata baƙuwar ƙara daga injin ba, allurar zafi ma ba ta wuce inda ta saba tsayawa ba.

Abu na biyu shi ne, a wurin da motar take kwana ina tarar da ɗigo iri biyu: wani baƙi ne a wajen tsakiyar injin, wani kuma ja-ja ne a can gaba, kusa da lagireto. Da na zaro geji na duba, na ga baƙin mai ya sauka kusa da alamar ƙasa, sai na ƙara kusan lita ɗaya har ya kai alamar sama, amma fitilar ba ta fasa halinta ba.

Na riga na sami shawarwari uku da suka saɓa wa juna. Wani ya ce in bar man 5W-30 da nake zubawa in koma mai kauri, wato 20W-50, wani ya ce famfon mai ne ya gaji, a saya sabo, na uku kuwa cewa ya yi ƙarya fitilar take yi, in cire wayarta in huta. Shin ɗigon ne ya haddasa fitilar, ko matsaloli ne daban-daban? Kuma zan iya ci gaba da hawa motar kafin in gano?

Tsohon Makanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce mai gaggawa. Ka ajiye motar har a auna matsin man, idan kuwa dole ne a kai ta gareji da ƙafarta, to a bi gajeruwar hanya, kuma idan fitilar ta kama ta tsaya cak alhali kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe injin a take. Shawarar cire waya kuwa, ina roƙonka ka manta da ita gaba ɗaya, domin daidai take da mutum ya ji ihun gobara ya toshe kunnensa.

Akwai abin da masu mota da yawa ba su fahimta ba game da wannan fitila, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, matsinsa take aunawa, wato abin da muke kira firesha. A jikin injin akwai wani ɗan makunni da aka ɗaura a kan hanyar mai. Idan matsi ya kai wani mizani sai ya kashe fitilar, idan ya sauka ƙasa da shi sai ya kunna ta. A motoci da dama wannan mizani ƙasa yake ƙwarai, bai kai bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin matsi), a wasu ma bai wuce 0.3 zuwa 0.5 ba. Ke nan idan makunnin lafiyarsa ƙalau kuma fitilar ta kama, gargaɗin ya zo ne a kan gaɓa, lokacin da abin ya riga ya yi nisa. Wannan ne ma ya sa ƙarin lita ɗaya da ka yi bai canza komai ba: muddin bakin bututun da famfo yake zuƙo mai da shi yana nutse a cikin man, matsi ba ya damuwa da ko gejin yana sama ko yana tsakiya. Ƙarancin mai yakan nuna kansa ta wata siga daban, inda fitilar take ƙyaftawa a lokacin shan kwana ko taka birki da ƙarfi, saboda man ya karkata gefe guda famfo ya zuƙi iska.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne, famfo ba shi ne yake ƙirƙirar matsi shi kaɗai ba. Aikinsa tura mai ne kawai, matsin kuma yana samuwa ne saboda man yana kokawar ratsa 'yan ƙananan tazarori da ke tsakanin ƙarafa, musamman tsakanin karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, da metal, wato 'yan faranta masu santsi da yake juyawa a kansu. Wannan tazara a lafiyayyen inji ba ta kai kaurin gashin kai ba, tana kaiwa kamar milimita 0.03 zuwa 0.06. Ka ɗauki misalin tiyon ban ruwa: idan ka danne bakinsa da yatsa ruwan yakan yi tsartuwa da ƙarfi, idan ka sassauta yatsan sai ya koma zuba a hankali, alhali famfon bai canza ba. Haka metal yake. Idan ya cinye, tazarar ta buɗe, mai sai ya riƙa tserewa cikin sauƙi, matsi ya faɗi, ko da an sa sabon famfo fil. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi ya sauya famfo, aka haɗa injin, aka zagaya da motar har ta yi zafi, fitilar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba.

Yanzu ka duba lokacin da taka fitilar take zuwa. Inji ya yi zafi, don haka mai ya tsinke ya fi sauƙin tserewa. Kana tsaye a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, don haka famfo yana juyawa a mafi ƙarancin gudunsa. Wannan shi ne yanayin da matsi yake kaiwa ƙarshen ƙasa a kowace mota, har da sabuwa. Abubuwan da suke sa ya sauka fiye da kima a wannan yanayi su ne metal da ya cinye, ko famfo da haƙoransa suka saki, ko bawul ɗin rage matsi da ya maƙale a buɗe saboda datti, ko man da fetur ya gauraya da shi ya tsinka shi, ko robar da ke bakin bututun zuƙo mai ta tsage tana shigar da iska, ko kuma silon kansa ya yi ƙasa da yadda ya kamata. Sannan akwai mai sauƙin duka, wato makunnin ne ya tsufa yake kunna fitila a kan matsin da ba shi da laifi. Toshewar rariyar da ke ƙasan bututun ita ma tana kawo faɗuwar matsi, sai dai sau da yawa halinta ya bambanta, domin ta fi nunawa idan an ba inji wuta, lokacin da famfo yake neman mai da yawa rariyar kuma ta kasa ba shi.

Babu mai iya zaɓar ɗaya daga cikin waɗannan da ido ko da kunne. Hanyar ita ce a kwance makunnin, a ɗaura agogon auna matsi mai allura a gurbinsa, a tayar da injin, a rubuta abin da ya nuna yana sanyi, sannan a bari ya yi zafi na gaske har fanka ta tashi sau ɗaya ko biyu, a sake rubutawa a silo da kuma a juyi 3,000 a minti. Ina jaddada maganar zafin, saboda ruwan lagireto yana riga mai ɗaukar zafi, kuma awon da aka yi bayan minti biyar da tayarwa zai ba ka lamba mai daɗin ji wadda ba ta da amfani. Sai a gwada lambobin da abin da littafin gyaran motarka ya tanada. Akwai wani tsohon ƙiyasi da makanikai suke amfani da shi, cewa a sami kimanin bar 0.7 a kan kowane juyi 1,000, amma ƙiyasi ne kawai, littafin shi ne alƙali.

Kafin a kai ga agogon, ga abin da za ka iya yi da kanka. Ka sansana gejin, idan warin fetur ya yi ƙarfi kuma man yana gudu kamar ruwa, akwai alamar fetur yana gangarawa cikinsa. Ka duba launinsa, idan ya koma fari-fari mai kumfa, ruwa ya shiga. Ka kuma cire soket ɗin makunnin ka leƙa ciki. Idan ka tarar da mai a cikin soket ɗin, makunnin ya fashe ta ciki, kuma yana iya zama shi ne tushen fitilar da wani ɓangare na baƙin ɗigon a lokaci guda.

Direbar Doguwar Hanya ta rubuta:

Baba ya gama magana a kan fitila, ni kuma zan taɓa batun ɗigo, tunda na yi fama da shi a motoci biyu kafin in koyi bin sawunsa. Ɗan'uwa, kada ka yarda da launin da ka gani a ƙasa, saboda ƙura da siminti suna sauya shi. Ka shimfiɗa farin kwali mai faɗi a ƙarƙashin motar da daddare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke a jikinsa, da safe ka janyo shi. Zai gaya maka abu uku: launin kowane ɗigo, yawansa a dare ɗaya, da kuma wurin da yake faɗowa.

Baƙin mai yakan fito daga ruwan zuma zuwa baƙi, gwargwadon daɗewarsa a inji, kuma yana da santsi da ɗan kauri. Man giya mai canza kanta galibi ja ne idan sabo ne, ya koma ruwan ƙasa idan ya tsufa, kuma ya fi baƙin mai tsinkewa. Matsalar ita ce, ja-ja a kusa da lagireto yana iya zama ɗayan abu uku. Yana iya zama man giya, domin a yawancin irin waɗannan motoci akwai bututu biyu da suke kai shi lagireto ya huce ya dawo, kuma bakin tiyonsu wurin yoyo ne sananne. Yana iya zama man sitiyari, tunda wasu motocin man giya ake zuba musu a can. Yana kuma iya zama ruwan lagireto kansa, saboda ba kore kaɗai ake yin sa ba, akwai ja, da ruwan hoda, da ruwan lemo, da shuɗi. Bambancewa ba ta da wuya: ka ɗiga masa ruwa kaɗan a kan kwalin, ruwan lagireto zai gauraya da shi nan da nan, mai kuwa zai ƙi. Ruwan lagireto yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma idan ya bushe yana barin farin busasshen tabo a inda ya bi. Kada dai a ɗanɗana, guba ne, kuma a goge wanda ya zuba a ƙasa saboda yara da dabbobi.

Wanda na fi tsoro a duk ruwayen mota shi ne man birki. Kusan fari ne ko rawaya-rawaya, yana da santsi sosai, yana cin fenti, kuma an fi ganinsa a cikin taya ta ciki ko a ƙarƙashin wurin da direba yake taka birki. Idan shi ne, babu maganar a lallaɓa zuwa gobe. Ruwa fari tas mara wari da yake ɗiga a wajen ƙafar fasinja bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota kuwa, ba laifi ba ne, raɓa ce.

Game da baƙin ɗigon, darasin da na koya da tsada shi ne inda mai yake ɗiga ba nan ne inda yake fitowa ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka kusan kowane yoyo yakan ƙare a gindin kaskon mai, wanda makanikai suke kira botom filet, sai a ɗora wa gasket ɗinsa laifin da ba nasa ba. An taɓa sauya mini wannan gasket har sau biyu, ashe man daga murfin saman inji yake gangarowa ta baya inda ido ba ya kaiwa. Abin da ya kamata shi ne a wanke injin ya bushe sarai, a yi 'yar tafiya, a ɗaga motar, a bi jiƙar da tocila daga ƙasa zuwa sama har a kai wuri mafi tsayi da yake da danshi. Idan yoyon siriri ne, ana iya barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, sawun man zai fito a kanta ƙarara. Akwai kuma wani rini da ake zubawa a cikin mai, wanda yake ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman, kuma yana da amfani ƙwarai a wuraren da suke a matse.

Ka kuma bambance naso da yoyo. Tsohon inji da ya yi danshi-danshi ƙura ta manne masa, amma ba ya ɗiga, ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda yake ɗiga a kan salansa kuwa, ko yake jiƙa bel, wannan ba a jinkirta shi.

Mai Son Sauƙi ya rubuta:

Da girmamawa ga Baba, ina ganin an yi wa shawarar mai mai kauri rashin adalci, tunda ba a ma tanka ta ba. Ni tawa motar ta yi irin wannan ƙyaftawar shekara biyu da suka wuce, na koma 20W-50, fitilar ta ɗauke, har yau ina hawa. Inji da ya yi kilomita 240,000 ba zai koma sabo ba, kuma ba kowa ne yake da halin sauke inji a sauya metal ba. Idan Baba da kansa ya ce matsi yana faɗuwa ne saboda tazara ta buɗe mai yana tserewa, ashe ba mai mai kauri ne maganin da ya dace da wannan bayanin ba? Ƙari a kan haka, na lura ɗigon da take yi ma ya ragu bayan na canza.

Tsohon Makanike ya rubuta:

Tambayarka tana kan hanya, ɗana, kuma ban ce dabarar ba ta da gurbi ba. Gaskiya ne mai mai kauri yana ɗaga allurar agogo, kuma a injin da aka auna aka tabbatar metal ɗinsa ya saki kaɗan, hawa mataki ɗaya, misali daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, abu ne da ni ma nakan ba da shawararsa, musamman idan littafin motar ya lissafa shi cikin waɗanda aka yarda da su a yanayin zafi. Inda muka rabu shi ne a yi shi kafin awo. Kai ka ci sa'a, amma har yanzu ba ka san abin da ya sami motarka ba. Idan makunni ne ya gaji, ka ɗora wa lafiyayyen inji man da ba nasa ba a banza. Idan fetur ne yake tsinka man, kaurin zai ɓoye alamar na ɗan lokaci, fetur ɗin kuma ya ci gaba da wanke bangon silinda. Idan kuwa rariya ce ta toshe, mai mai kauri ƙara dagula lamarin zai yi, domin famfo zai fi shan wahalar zuƙo shi.

Ka kuma lura da lambar farko, wadda take zuwa kafin harafin W, domin ita ce take nuna yadda man yake gudu idan yana sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Man 20W yana ɗaukar lokaci fiye da 5W kafin ya isa saman inji da safe, kuma a waɗannan daƙiƙu na farko ne ƙarafa suke yawan gogar juna. Injunan zamani da yawa suna amfani da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗewar bawul da kuma ɗaure sarƙar tayimin, ta cikin ƙananan ramuka da 'yan rariyoyi, kuma ba sa jituwa da man da ya zarce abin da aka ƙera su a kansa. Babban matsi a agogo ba shi ne burin ba. Burin shi ne isasshen mai ya ratsa metal ya ɗauke zafi ya wuce.

Tunda Hajiya ta kawo batun yoyo, bari in ƙara abu ɗaya da ake yawan mantawa. Yawancin injuna suna da wani ɗan bawul na numfashi da yake fitar da iskar da ta kuɓuce ta gefen ringi zuwa cikin kasko, ya mayar da ita a ƙone. Idan ya toshe, iskar takan taru ta nemi mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowane gasket da kowane sil. Duk injin da na ga yana yoyo ta wurare uku ko huɗu a lokaci ɗaya, wannan bawul nake fara dubawa, domin idan ba a gyara shi ba, sabon gasket ma ba zai daɗe ba.

Mai Tsohuwar Mota ya rubuta:

Ina godiya ƙwarai ga kowa, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarin a jere kuma ga abin da ya fito. Gejin ba ya warin fetur fiye da kima, man kuma bai yi fari ba. Da na cire soket ɗin makunnin, na tarar da shi cike da mai har yana bin wayar, kamar yadda Baba ya kwatanta. An ɗaura agogo a gurbinsa: injin yana sanyi ya nuna bar 4.5, bayan fanka ta tashi sau biyu ya nuna 1.1 a silo, sannan 3.6 a juyi 3,000. Littafin gyaran motar ya ce kada ya gaza 0.7 a silo da 3.4 a juyi 3,000. An sa sabon makunni, na yi tafiyar sa'a guda har da tsayuwa a cunkoso, fitilar ba ta ƙyafta ko sau ɗaya ba.

Bayan an wanke injin, an gano cewa ban da makunnin, gasket ɗin murfin sama ma yana zubarwa ta baya, har mai ya taru a ramin filogi biyu. Bawul ɗin numfashin da Baba ya ambata kuwa, da aka cire aka girgiza shi ko motsi bai yi ba, ya daskare da dagwalon mai, an sauya shi tare da gasket ɗin. Ja-jan ɗigon bai gauraya da ruwa ba a kan kwalin, kuma an bi shi har zuwa ɗaya daga cikin tiyon man giya da ke shiga lagireto, inda robar ta bushe ta tsage a ƙarƙashin maɗaurinta. An sa sabon tiyo.

Saura tambayoyi biyu. Na farko, ganin 3.6 bai yi nisa da 3.4 ba, shin injin yana dab da gajiya ne? Na biyu, ban tabbata yoyon da aka gyara ya kai ya cinye lita guda da na ƙara ba, to ina sauran man ya tafi?

Tsohon Makanike ya rubuta:

Madalla, Malam. Lambobinka suna cikin iyaka, kuma ga injin da ya yi irin wannan tafiya ba su ba ni tsoro ba. Ba sabon inji ba ne, tazararsa ta ɗan buɗe kamar yadda ake tsammani, amma awo ɗaya ba ya nuna ko abu yana lalacewa da sauri ko ya tsaya a inda yake. Ka rubuta waɗannan lambobi uku tare da kilomitar da motar take kai da irin man da yake ciki, a sake aunawa bayan juyen mai biyu, da agogo ɗaya idan zai yiwu, domin agoguna ma suna ɗan saɓa wa juna. Ka kuma tuna cewa an yi wannan awon ne da man da ya riga ya yi aiki, sabo yana iya nuna fiye da haka kaɗan. A juye na gaba ka sa a yanka tsohuwar filta a buɗe takardar cikinta a rana. 'Yan ƙura-ƙura masu ƙyalli kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe alama ce cewa metal ya cinye har ya kai shimfiɗarsa ta ciki, kuma a nan ne za a fara maganar sauke kasko. Tunda bawul ɗin numfashi ya daskare da dagwalo, akwai yiwuwar cikin injin ma yana da shi, don haka ka gajarta tazarar juye na wani lokaci, kuma ka guji zuba masa maganin wanke inji mai ƙarfi, saboda yana iya ɓamɓaro dattin gaba ɗaya ya tara shi a kan rariya.

Batun man da ya ɓace kuwa, kada ka raina makunnin. Yana kan hanyar da mai yake da cikakken matsi, don haka yana zubar da mafi yawa ne a lokacin da kake gudu, iska ta watsa shi a titi, abin da ka gani a kwali ragowa ne kawai. Toshewar bawul ɗin numfashi ma takan sa inji ya sha mai. Yanzu da aka toshe waɗannan ƙofofi, ka cika man daidai alamar sama, ka riƙa duba geji a wuri ɗaya mai shimfiɗe, da safe kafin a tayar, bayan kowace kilomita 500. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamar sama da ta ƙasa kimanin lita ɗaya ne, don haka za ka iya lissafa abin da take sha. Idan har yanzu yana sauka alhali ƙasa a bushe take, to ƙonewa yake yi, sai ka sa wani ya tsaya a bayan motar ya duba hayaƙi. Shuɗin hayaƙi da yake fita da safe ko bayan doguwar tsayuwa a silo sannan ya ɗauke ya fi nuna robobin bawul, wanda yake ƙaruwa idan an taka totur a hawa kuma ya fi nuna ringi.

Kada ka manta da giyar, domin ita ma ta yi asarar mai kuma ba ka ambaci an cika ta ba. Ba a auna ta kamar baƙin mai. A yawancin motoci sai ta yi zafi, injin yana aiki, an zagaya da sandar giya ta kowane matsayi an dawo da ita wurin fakin, amma akwai waɗanda ake aunawa bayan an kashe injin, akwai kuma waɗanda ba su da geji sam sai ta wani noti a jikin giyar. Ka duba wanne ne naka a littafin, kuma a cika da ainihin nau'in da aka rubuta a ciki. Idan ka zaro gejin giyar ka ga man ya koma kamar an dama shi da madara, ka dawo ka gaya mana kafin ka sake tayar da motar, domin hakan yana nufin bututun da ke cikin lagireto ya huje ruwa yana shiga giyar.